Fam Bakwai na Dikko

Malam Inuwa mutumin Kiru ne, amma aiki ya kai shi Tudun Wada a 1955, akawun wani alhaji mai sayen gyaɗa. Ɗakinsa na bayan rumfar sikeli. Matarsa ta rasu kafin ya taho, bai sake aure ba, kuma a garin babu mai kiransa sai in ana son a rubuta wani abu. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai. Abokin hirarsa ɗaya ne, darasin lissafin da ke zuwa masa ta gidan waya, don yana shirin jarrabawar akawu a Kano.

A darasin ya koyi daidaita littafin kuɗi da takardar banki. Littafinka ya faɗi abu, banki ya faɗi wani, kuma ba lallai wani ya yi ƙarya ba; sai ka bi su layi-layi ka gano abin da ke kan hanya bai iso ba. Da ya gwada a kan littafin alhaji, sai ya tarar wata biyar ke nan banki na nuna rarar fam bakwai. Alhaji ya yi dariya, ya ce shi bai taɓa jin an yi jinyar rarar kuɗi ba.

Inuwa dai ya bi gindin caki, wato guntun da ke saura a littafin caki in an yage, ɗaya bayan ɗaya har ya samo mai kuɗin. Wani makiyayi ne, Dikko, daga wajen Doguwa, ya sayar wa alhaji bijimi ran da tsabar kuɗi ta ƙare, aka ba shi caki, bai kai banki ba. Caki kuwa in ya cika wata shida ya mutu, kuma alhaji ba mai tuna wa mutum haƙƙinsa ba ne. Saura kwana goma sha biyu.

Ya hau kekensa, ya yi ta cigiya har ya sami rugar. Ashe Dikko wurin baduku ya kai takardar, aka ɗinke ta a fata kamar laya, yana rataye da ita a wuya. A ganinsa rubutu mai hatimi haka ake adana shi. Da aka farke, zufa da damina sun cinye tawadar.

Dikko ya ce, "Malam, yanzu saboda ni ka tako duk wannan nisa? Ni da ba ka sani ba?"

"Baffa, a littafina na san ka," in ji Inuwa.

Kwana biyu suka riƙe shi. Kyauta, matar Dikko, ta yi ta dama masa fura, tana tambayarsa danginsa da sunan marigayiyar matarsa. Rabonsa da a tambaye shi haka tun barinsa Kiru. Da ya koma ya matsa wa alhaji, shi kuwa da ƙunƙuni ya ƙirgo fam bakwai, aka soke tsohon cakin, Inuwa ya sake hawa keke ya kai.

Ya ci jarrabawarsa, ya yi shekara talatin yana akawu. Amma ranar da ya fi tunawa ita ce ran da ya ja layi biyu a ƙarƙashin lissafin nan, littafi da banki suka zo daidai har kwabo. Ya ɗaga kai ya gaya wa wani, babu kowa a rumfar sai sikeli. Sannan ya tuna ba shi da sauran dalilin zuwa Doguwa.