Rigunan Damisa na Hajiya Rakiya

Har yau ban manta da ranar da Hajiya Rakiya ta kawo mana rigunan damisa ba. Watan Yulin 2008 ne, gasar Olympics ta ƙarato, 'yan kwastan na China sun tsananta bincike. Ni ne mai duba kaya a wani ƙaramin ofishin aika kaya ƙasashen waje kusa da Baiyun, a birnin Guangzhou. Aikina in buɗe kwali, in ga abin da ke ciki, in rubuta, sannan in miƙa wa shugaban sashen takardu ya sa hannu. Shugaban shi ne Malam Nizam, Musulmi ɗan Sri Lanka, mutum mai barkwanci da son shayi mai madara.

Hajiya 'yar kasuwar Maraɗi ce. Ta shigo tana fifita da fasfo, ta ce, "Malam Sani, yau na yi tsintuwa a kasuwar Canaan. Buɗe ka gani."

Jajayen riguna ne, kwali goma sha biyu. A ƙirjin kowace akwai kan damisa ya wage baki, da bindigogi biyu a gicciye. Na ce, "Hajiya, samarin Maraɗi za su yi rububi." Na rubuta "rigunan maza", na kai wa Malam Nizam ɗaya.

Ya ajiye kofinsa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Sani, kwantenar nan ta ina za ta bi?"

Na ce ta Colombo, babban birnin ƙasarsu, can za a sauya mata jirgi.

"Wannan tutar 'yan tawayen ƙasarmu ce."

Ya zaunar da mu, ina fassara wa Hajiya. Ya ce 'yan ƙabilar Tamil na arewacin tsibirin sun daɗe suna kukan wariya, har wasu suka ɗauki makami don neman ƙasarsu. Daga 1983 abin ya zama yaƙi sosai: bama-bamai a motocin haya, sojoji na luguden wuta a ƙauyuka. Shi ma Tamil yake ji tun daga nono, amma a 1990 'yan tawayen suka shela da lasifika cewa Musulmin garinsu Jaffna su fice cikin awa biyu.

Hajiya ta dafe ƙirji. "Awa biyu? Ni ko kwanukana ba zan gama haɗawa ba!"

Ya yi murmushi. Ya ce maƙwabciyarsu, 'yar addinin Hindu, ita ta rako mahaifiyarsa tana kuka. Daga baya 'yan tawaye suka tafi da ɗan maƙwabciyar, harsashin soja kuma ya kashe mijinta.

"In aka buɗe kwantenar a Colombo," ya ce, "sa hannun ɗan Jaffna za a gani a takarda. Iyalina kuma suna Colombo."

Hajiya ta miƙe ta gyara mayafi. "Malam Sani, kira mota."

Mai shagon da ya sayar mata, da ya gan mu da kwalaye, ya fara kaɗa hannu: "Meyo, meyo!" wato babu mayarwa. Ashe wani ne ya sa aka buga rigunan bai dawo ba. Hajiya ta zauna daram a kan kwali a ƙofar shago, duk ɗan Nijar da ya zo wucewa ta ba shi labari. Kafin la'asar lawban, wato mai shagon, ya sauko, ya kawo musanya: riguna masu tambarin Olympics na jabu. Na ce a'a, wannan tun daga Guangzhou za a kama mu. Muka rabu a kan farare, ko ɗigo babu.

Shekara uku na yi kusa da teburin Malam Nizam, na san yawan sukarin da yake sha, ban san an taɓa korarsa daga gidansu ba. Don haka ku sababbin shiga wannan aiki, kowane zane kuka gani a kaya, ku tambaya kafin ku rubuta. Ku riƙa tambayar na kusa da ku ma daga ina ya fito.