Kaurar Inna a Makwancin Shanu

Shekarar da na gama sakandare na dawo ƙauyenmu, can bayan Malumfashi, na tarar Baffa, yayan mahaifina, ya ƙudura sai ya karɓe gayaunar Inna. Babanmu ko shekara bai cika a ƙasa ba. Gayaunar nan kuwa ita kaɗai ce gonar da Inna ke nomawa don kanta, ta ci, ta sayar, babu mai tambayarta.

Hujjarsa wai dawar Inna ba ta da albarka. Kaura ce da ta taho da ita daga gidan iyayenta Maguzawa, gajera, zangarniyarta kamar dunƙulen hannu. Tasa farfara ce, doguwa, ta fi ɗaki tsawo.

"Iri ne," in ji shi a tsakar gida, gaban kowa. "Irin can gidan, ko a fadama ka shuka shi haka zai fito. Auduga zan sa a wurin."

Inna ta sunkuyar da kai. Ni ban iya wannan ba.

"Baffa, rani nawa Fulani suka sauke shanunsu a gonarka?"

"Ina ruwanki?"

"Kowane rani. Ta Inna fa? Ko akuya ba ta taɓa kashi a can ba. Jigawa ce zalla."

"Ku ji mini 'yar boko! A littafi aka koya miki riƙon fartanya?"

Matan gida suka kwashe da dariya. Na bari suka gama.

"Ba mu kunya huɗu a makwancin shanun gonarka mu shuka kaura, mu ba ka huɗu a jigawarmu ka shuka farfara. Damina ɗaya. In kaurar ba ta yi ba, da hannuna zan shuka maka audugar."

Ya yarda, don yana son ya ga an ƙara yi mini dariya.

Rana ɗaya muka yi shukar, bayan ruwan fari. Noman fari da maimai duk ni na yi, hannuna ya yi kanta. Tun farkon shukar ma sau biyu Inna na kama ni ina tona rami in ga ko kaurar ta tsiro.

Gaskiya, na ɗauka taki zai miƙar da kaurar ta kamo farfara. Ina! Gajerarta ta tsaya, wannan kam gadonta ne, kuma ya ba ni haushi da Baffa ya ci rabin magana. Amma zangarniyar ta cika ta kai damtsen mutum, har karan na sunkuyawa. Farfararsa a jigawa kuwa ta yi tsawon banza, siririya, ciyawar wuta-wuta ta shaƙe ta, ruwa ya ɗauke kafin ta yi ido.

Da kaka Baffa ya zo, ya karya zangarniyar kaura ɗaya, ya daɗe yana jinjina ta.

"Har yanzu dai gajera ce."

"Da kara ake tuwo, Baffa, ko da tsaba?"

Inna ta mintsine ni. Sai Baffa ya ce a bar mata gonarta.

"Da shanu," na ce. "Ranin nan su kwana goma a gayaunar."

"Ke, ba a yi miki alheri ki yi godiya? Uku."

"Bakwai."

A biyar muka tsaya, kuma ni na je ruga na faɗa wa Fulanin da kaina, don kada wani ya ce ya manta.