Baba Hambali Mai Kalangu, Ma'ajin Takenmu a Deptford

Duk wanda ya zauna a Deptford a shekarun tamanin ya san Baba Hambali. Da safe yana sharar ofisoshi a wajen Charing Cross, da la'asar ya dawo gida ya ajiye kalangu kusa da hitar ɗumama ɗaki, domin damshin London kan sa fata ta saki. Sai ta ɗauki ɗumi sannan ya rataya, ya nufi ɗan ɗakin taron da ƙaramar hukuma ta ba shi aro. Maƙwabta sun sha kai ƙararsa, shi ya sa a gida kan matashin kai yake gwajin hannu.

Gadon kiɗa ya yi a Kano. Mahaifinsa ya bar masa taken gidaje da yawa, wato kiɗan da in aka yi, ɗan gidan zai san da shi ake ko cikin wane irin taro. Mu da karatu ya kawo unguwar Bloomsbury, kewar gida tana cinmu, mukan je ranar Asabar mu rakuɓe a baya. Yana ganin baƙuwar fuska zai tambayi unguwa da sunan kaka, sai kawai ka ji kalangu ya kira ka. Na ga ƙato da gemu yana sharar hawaye, ni ma ban tsira ba. Har yau ina kewar waɗannan Asabar ɗin.

Damuwarsa ɗaya ce: wa zai karɓi taken nan in hannu ya gaza? Masu hali suna son kiɗansa a biki da suna, amma ba mai son ɗansa ya rataya kalangu. A gabana ya ce wa Alhaji Maje, wani ɗan kasuwa, "Ranka ya daɗe, a ara mini yaron nan naka ranar Asabar, yana da hannu." Alhaji ya yi dariya ya ce, "Haba Hambali, ai an yi masa booking na koyon piano. Kiɗa gadonku ne, ba namu ba."

Bai yi fushi ba. Ya buɗe ƙofa ga kowa: 'ya'yan zango na Gana, Turawa, da wata nas 'yar asalin Jamaika, Angelina, wadda rakiyar ƙawa ta kawo ta, ta zarce da koyo shekaru. Muka yi ta tsokanarsa, "Baba, mace da kalangu?" Ya ce, "To ku mazan, wa ya zo koyo?"

Bara, a bikin Murja 'yar Alhaji Maje, sanyin ƙashi ya riga ya kama yatsun Baba. Ya fara kiɗa, sanda ta suɓuce. Sai ya cire kalangun ya rataya wa Angelina, ta saki taken gidan Maje. Alhaji yana cikin gaisawa da baƙi ya tsaya cak. Ya juyo yana neman Hambali, ya ga baƙuwa. Ya ce, "Wannan na mahaifina ne. Wa ya ba ta?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ajiyarku ce, na rasa hannun da zan saka ta a gida."

Baba Hambali, kai ne ka riƙe mana sunayen kakanninmu lokacin da mu muke tseren kama tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da fama da jarrabawa. Mai hannun da ba ya rowa, mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ga shi ka ajiye tsintsiya da sanda, watan gobe za ka koma Kano, kalangun kuma ka ce a nan zai zauna.

Jama'a, duk wanda aka bar wa wani abu, ya yi irin na Baba, ya nemi hannun da zai miƙa wa. Ɗakin yana nan a buɗe duk Asabar. Ku kai 'ya'yanku. Angelina za ta tambaye su sunan kakansu, ku tabbata sun san amsar.