Ranar da Shanun Datti Suka Tsaya a Gona

A duk Balan, in ana zancen nawa, sai a sara wa Datti. Mutum ne da in ya fara alwalar azahar, ladan zai kira la'asar yana kan ƙafar hagu. Ga tumbi kamar rumbun da ya cika ya batse. Sana'arsa ɗaya ce, kai taki gona a amalanken da bijimansa biyu suke ja.

Daminar da ruwa ya cinye kwalbatin ƙauyensu, babur ya daina shiga, adaidaita kuwa ko a mafarki. Sai ga amai da gudawa sun sauka. Maijidda, wadda take bi gida-gida tana duba yara don Allah, ta sa aka tara jama'a a ƙofar mai unguwa. Ta ce ruwan gishiri da sukari ba zai gagare ta ba, amma wanda ya galabaita dole a fitar da shi titi a kai shi asibitin Gaya. Aka yanke cewa mai amalanke ya riƙa ɗauka, gari kuma ya yi masa gayyar noma. Da aka tambayi wa ya yarda, gyangyaɗi ya kai kan Datti ƙasa, aka shafa fatiha. Har gobe rantsuwa yake idonsa biyu.

Kwana uku tsakani, da hantsi, Baiwa maƙwabciyarsa ta fito da 'yarta Khaula a kafaɗa, ido ya zurma, ko kuka ba ta iya yi. Aka shimfiɗa tabarma a amalanke, Maijidda ta hau tana ɗura wa yarinyar ruwan gishiri da sukari cokali-cokali. Datti ya ɗare gaba, itace ya yi ƙara. Shanu suka ratsa ruwa har ƙirji ba gardama.

Suna hawa tudu suka karkata cikin gonarsa suka ƙame. Shekara bakwai nan suke sauke taki, kuma ba sa ɗaga ƙafa sai an sauke. Ya yi tsawa, ya ɗaga sanda, ko kunne ba su kaɗa ba.

Maijidda ta ce, "Datti, yarinyar nan ta daina haɗiya."

Datti ya san halin kayansa. Sai sun ji ƙarar shebur, sun ji kaya ya yi sauƙi, sannan su miƙe su nufi famfon bakin titi shan ruwa. Ya duba amalanken, babu abin saukewa sai shi. Ya dira, ya kankari katako da shebur sau uku. Shanu suka ji kamar an sauke buhu goma, suka zabura.

Ranar mutanen Balan suka ga Datti yana gudu. Wasu sun ce ƙasa ta girgiza har Ajingi. Takalminsa dai yana cikin taɓon nan har yau.

A bakin famfo aka tare adaidaita. A asibiti aka saka wa Khaula ƙarin ruwa, kafin la'asar ta buɗe ido ta nemi ƙosai. Datti yana zaune a ƙasa yana haki, wata ma'aikaciya ta tambaya ko shi ma gado za a ba shi.

Ya ce, "Ki bar wa yarinya gadon, 'yata. Ni ruwa kawai za ki ba ni, a bokiti."