Ƙaguwar Kawu

Jiya na ga ƙaguwa cikin komar wani masunci a bakin kogin Komadugu, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Majo ne, wato babban ma'aikacin jinya, a gidan likita na Diffa. In an kawo masa sunan cuta na Faransanci, sai ya fasa shi biyu kamar goro. "Hepatit ke nan: hepat hanta ce da Girkanci, it kuwa kumburi. Hantarki ce ta kumbura, Hajiya, ba sammu ba ne." Mace ta zo a tsorace, ta koma tana dariya.

Da tasa cutar ta zo, na tarar da shi kan tabarma, ƙamshin tattasai da aka shanya ya cika gidan. Na yi ta kewaye-kewaye, na kasa faɗin abin da dokta ya ce.

"Kanser ce, ko?" in ji shi. "Da Latinanci ƙaguwa ke nan. In ta kama ba ta saki. Zauna, ɗana, daina kallona kamar baƙo."

Ita kaɗai ce kalmar da ya fasa mini amma tsoron bai tafi ba. Allah Ya sa jinyar ta zama kankarar zunubi, Ya sanyaya kabarinsa yadda ya riƙa sanyaya zukatan mutane.