Kart mer mai aibi

Na taɓa ƙetare hamada zuwa Libiya. Mu da yawa muka shiga motar, ba duka muka sauka ba. Ba na son ba da wannan labari. Na ambace shi ne don a san abin da ya sa na tsorata ranar da babban ɗana ya ce zai bi abokansa Agadas bayan girbi.

Ban hana shi ba. Namiji ne, har ya fara gemu. Na dai tambaye shi abin da zai zaunar da shi Konni. Ya ce kwamfutar wasa. Zai kafa rumfa kusa da tasha, samari su zo su buga ƙwallo a tele suna biyansa. Ashe ya daɗe yana tara kayan cikinta ɗaya-ɗaya a kwalin taliya a ƙarƙashin gadonsa. Abu guda ya rage, faifan da ake dasa sauran duka a kansa. Su suna ce masa kart mer. Wanda yake so sabo ne, mai fitilu kala-kala, kuma ko na sayar da jakina da amalanken ba za su kai ba.

Na ce mu je shagon da ake sayar da shi in gani.

Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba. Dillancin dabbobi na yi a kasuwar Badagishiri tun kafin in yi aure, shi na sani. Mai shagon, wani mai gyaran waya da kwamfuta, ya fito da sabon a kwalinsa ya ɗora bisa tebur. Na ce ya buɗe ya kunna. Ya ce in an yage leda an saya ke nan. Na ce ni ban taɓa sayen dabba cikin buhu ba.

"Baba, wanga ba tunkiya ba ce," in ji shi.

"To kawo wanda aka iya kunnawa."

Ya jawo wani na hannu daga ƙarƙashin kanta, kore, ba fitila ko ɗaya, gefensa ya ɗan yi baƙi. Ɗana ya ɓata rai. Duk da haka ya karɓa, ya juya shi, ya duba ramin da ƙwaƙwalwar na'urar ke zama, ya ce ya dace da wadda yake da ita. Wannan kam ba ruwana, shi ya san abinsa. Ya koma gida ya ɗauko kwalin taliyar, suka harhaɗa a kan tebur ba tare da akwati ba. Fanka ta juya. Hoto ya fito.

Na zauna a benci na ce a bar ta ta yi ta gudu. Rana ta take, kwanon shagon ya ɗau zafi, muka yi azahar muka dawo tana yi. Aka ɗauke wuta, aka maido, ta sake tashi. Mai shagon ya ce ko shayi zai ɗora mini, tunda na zo kwana.

A kasuwarmu, kafin a tafa, mai dabba yakan faɗi aibinta a gaban shaida. In tana tari ya faɗa, in ta taɓa ɓari ya faɗa. Sai na kira mai faci da ke maƙwabtaka da shagon ya tsaya, na ce wa mai shagon, "Faɗi aibinta."

Ya yi dariya. Ya ga ban yi ba. Ya sosa ƙeya ya ce ramin da sauti ke fita ya mutu, kuma tsohuwar yayi ce, in ƙwaƙwalwar nan ta gaza ba za ta ɗauki sabuwa ba.

Na ce a raina shi ke nan. Wa zai biya ya buga ƙwallo shiru kamar gidan makoki? Na fara laluben takalmina. Ɗana bai motsa ba. Ya zare wata waya ya sake soka ta a katin hoto, ɗaya daga kayan da ya tara, ya shiga latse-latse, sai ihun 'yan kallo ya fito ta bakin tele har mai faci ya zabura.

"Sauti na iya bi ta nan," ya ce. "Amma Baba, wagga ba ta wuce shekara biyu."

"Shekara biyu a gida," na ce.

Ya daɗe yana kallon koren faifan. Sannan ya miƙa wa mai shagon hannu da kansa, ya taya, aka ja, aka sallama. Ban sa baki ba.

Bayan girbi abokansa suka hau motar Agadas. Ya raka su tasha, ya riƙe musu jaka, ya dawo ya buɗe rumfarsa. Da yamma na biyo ta wurin da amalanke na same shi yana gardama da wani ɗan kabu-kabu da aka ci shi, yana rantsuwa wai abin bugun ne ya lalace.