Hannun Hagun Baba

Shekara talatin mahaifina ya yi a Madina bai taɓa furta kalmar goge ba. A Maraɗi da goge ya ci abinci, har 'yan bori ya yi wa kiɗa, ranar da ya tuba kuwa da hannunsa ya jefa shi wuta. Burinsa ɗaya ne, ya mutu a kan tubarsa a kai shi maƙabartar Baƙi'a. Gyaran rediyo yake yi a wani ɗan shago a unguwar Sultana, ni nake kai masa abincin rana.

Wani tsohon likita ɗan Sham ne ya jawo mana. Ya kawo gyaran rikoda, ya bar kaset a ciki. Ƙa'idar Baba kuwa, ba ya mayar da kaya sai ya gwada su da abin da mai su yake ji. Ina tsaye riƙe da kular abinci ya danna.

Gogen Turawa ne, wanda Larabawa ke kira kamanja. Tsohuwar ɗauka ce ƙwarai, tana shuu kamar yayyafi a kan rufin kwano. Makaɗin ya hau sama a guje, ya sauko yana rangaji, piyano na biye da shi. Daga baya likitan ya ce mutumin ya rasu tun ba a haifi Baba ba.

"Tsirkiya huɗu gare shi," in ji Baba, "amma ji, da guda yake kuka. Wannan ya san aiki, uwata."

"Baba, ai ta gyaru."

"Lissa. Da saura."

Kwana tara ana da saura! Rikodar da ko kurma ya san lafiyarta lau. Na ji haushi, na kuma ji tsoro, don yatsunsa na hagu sun fara hawa da sauka a bakin tebur, shi bai ma sani ba. Da na nuna masa sai ya yi istigfari, a ranar ya mayar da rikodar. Amma yatsun ba su daina ba.

Bayan shekara biyu ciwon ajali ya kwantar da shi a ɗakinmu na Ƙuba. Wata la'asar ɗaliban jami'a 'yan ƙasarmu suka zo duba shi. Ya yi kalmar shahada, na ji da kunnena. Babbansu ya ce da ni a hankali, "Masha Allah, Hajiya, dubi yatsunsa, har yanzu tasbihi yake yi."

Baba bai taɓa yin tasbihi da hagu ba. Ina ƙarama ya sha buge min hannu a kan haka. Na ja mayafi na rufe hannun, na ce, "Haka ne, Malam." Ina jin motsinsu a ƙarƙashin tafina har suka tsaya.

An kai shi Baƙi'a. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Bayan kowace sallah dai ina roƙon Allah Ya karɓi abin da harshen ya faɗa, Ya yafe wa hannun.